Kalma Ɗaya a Iƙamar Zakariya

Juma'a, 29 ga Nuwamba 1974, ƙarfe huɗu na yamma

Na'omi 'yata, wannan littafi naki ne, amma ba yanzu ba. Sai kin gama makaranta kin yi hankali. Wasiƙun da nake aika miki Jos ba sa ɗaukar komai sai gaisuwa da faɗa, don ban san hannu nawa suke bi ba. A nan nake rubuta sauran.

Mu huɗu ne a gidan nan na unguwar Ruwais a Jidda. Ni da Tabita a sama, Malam Filibus da Zakariya a ƙasa. Ikkilisiya ce ta aiko mu, asibitin Dakta Abdulghani ya ɗauke mu aiki. Shi ne kafilinmu, wato da sunansa muke zaune a ƙasar. Ni ungozoma, Tabita nas, Malam yana duba jini, Zakariya yana haɗa magani. Tun a gida aka ja mana kunne cewa ba a wa'azi a ƙasar nan, aikin hannunmu ne zai yi magana. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan.

Yau mun yi sujada kamar kowace Juma'a, tagogi a rufe. Da leɓe kawai muke rera waƙa, Malam yana buga lokaci da yatsa a gwiwarsa. Zakariya ya ce mu ne mawaƙan farko da ba a taɓa jin sun yi kuskure ba. Tabita ta yi dariya har ta toshe baki da gyale. Na harare su su biyun. Magidanci mai shekara arba'in da 'ya'ya uku bai kamata ya riƙa barkwanci a gaban Ubangiji ba, kuma na faɗa masa. Ya ce, "Na tuba, Mama," yana murmushi. Tubansa ba ya kwana.

Tuwon Tabita ya yi gudaji. Na nuna mata yadda ake yi sau uku.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Wani abu ya faru.

Kowace shekara Dakta yana kafa tanti a Mina don alhazai marasa lafiya. Yau ya zo tagar ɗakin magani, Turai tana biye da shi. Turai ita ce tafintar asibiti, kuma maƙwabciyarmu. A nan Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Katsina a ƙafa. Ina tsaye ina karɓar allura, na ji komai.

Dakta ya dafa kafaɗar Zakariya ya ce bana tare za su je, yana bukatar mai jin Hausa wanda ya san magani. Ya ƙara da cewa, "Ka sauke faralinka, wataƙila Allah ya shirye ka ka kama salla."

Zakariya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Turai ba ta yi ba. Ta fassara, sannan ta tsaya tana kallon ƙasa.

Da aka tashi ta biyo mu gida ta ce ya ba ta iƙamarsa, ɗan littafin nan na izinin zama da kowane baƙo yake yawo da shi. Ta buɗe ta ɗora yatsa a wani layi. Ta ce, "Ya Zakariya, ashe kai namu ne ka ɓoye mana?" Ba wanda ya yi dariya, ita ma ta daina. "Wallahi a rubuce yake. Addini, Musulmi."

Ta duba namu ukun. Daidai suke.

Babu mai karanta rubutun Larabci a cikinmu. Turai ta ce ta san yadda aka yi. Magatakarda ya ga sunana Damaris, ya ga Filibus, ya ga Tabita, sunayen suka yi masa baƙunta, ya tambaya. Ya ga Zakariya Ayuba, Bahaushen Zariya, ya shigo da sallama, an ce ya hanya ya ce alhamdu lillahi. Me zai tambaya? A nan ba su san akwai Bahaushen da ba Musulmi ba.

Saura kwana ashirin su tafi. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga wuraren nan.

Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Muna cin abinci Malam ya shimfiɗa mana maganar yadda take. In aka kai takardar ofis, suna iya cewa Musulmi ne ya bar addini, tun da haka take a rubuce, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a nan. Suna iya tambayar wa ya haɗo Kiristoci huɗu daga ikkilisiya ɗaya. In aka yi shiru kuma, ranar tafiya tana zuwa.

Tabita ta ce Zakariya ya kwanta ciwo. Za ta rubuta masa zazzaɓi a kati, Hajji ya wuce, kowa ya manta. Ban tsawata mata ba.

Ni ce na yi magana. Na tuna yadda 'yan sanda suke duba takardarsa a hanya su sakar masa fuska, mu kuma su juya namu gaba da baya. Na tambaye shi a gaban kowa ko da gaske bai sani ba, ko kuwa daɗin abin ya ji ya yi shiru. Na ƙara da wata kalma. Ba zan rubuta ta ba.

Ya wanke hannu. Ya ce, "Mama, tun ina yaro a Wusasa kika san ni." Ya sauka.

Malam bai tsawata mini ba. Da ma ya yi.

Laraba, 4 ga Disamba, da yamma

Zakariya bai hau cin abinci ba.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Haihuwa biyu yau, duka mata daga unguwar Karantina. Ɗaya ta zo a gicciye, Allah ya taimaka.

Na aika Tabita ta kai masa tuwo. Kwanon ya dawo a wanke. Ban san ko ya ci ba.

Na'omi, mutum yana iya zama mai gaskiya ya kuma yi zalunci da bakinsa. Ki riƙe wannan. Tambayar ba laifi ba ce, wani ya kamata ya yi ta. Amma akwai wuri, akwai murya.

Juma'a, 6 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Ya hau sujada. Ya zauna inda ya saba. Bayan addu'a ya ce yana da magana, kuma yau ba barkwanci.

Ya ce wa Tabita, "Ƙanwata, na gode da zazzaɓin, amma ki ajiye kayanki. In na kwanta bana, baɗi fa?" Ya ce wurin nan mai tsarki ne a wajen mutanen da suka karɓe mu, sun ce kada irinsa ya shiga, kuma ko gidan maƙwabci ba ya shiga in mai gida ya hana. Ya ce an hana shi faɗin sunan Almasihu a titi, ya yarda, ya yi biyayya. Amma bai yarda takarda ta yi musun Ubangijinsa a madadinsa ba, yana ɗauke da ita a aljihu yana sane.

Ya ce gobe zai je wurin Dakta shi kaɗai, don kada abin ya shafe mu.

Malam Filibus mutum ne da kan wuni bai yi magana goma ba. Ya cire tabarau ya goge ya ce, "Mu huɗu muka sauko daga jirgi ɗaya. Ban ga dalilin da za ka shiga ofis kai kaɗai ba."

Zakariya ya ce, "Malam, Tabita ita ke riƙe da mahaifiyarta."

Tabita ta ce, "Kada ka sa uwata a ciki. Ita ce ta raka ni tasha." Ta tashi ta shiga banɗaki, mun ji tana amai. Ta fito ta ɗauko dutsen guga ta goge fararen kayanmu duka huɗu, har da hular Zakariya.

Na sha yi wa yarinyar nan faɗa a kan tsoro. Yau na ga mai tsoro da ta fi ni ƙarfin zuciya.

Ban nemi gafarar Zakariya ba tukuna.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Mun shiga mu huɗu, Turai ta biyar. Na ce mata ba dole, ta ce, "Sista, in ban zo ba wa zai fassara? Larabcin Zakariya na sayen tumatir ne."

Zakariya ya ajiye iƙamar a tebur ya yi bayani. Dakta ya karanta layin, ya dube shi, ya sake karantawa. Fuskarsa ta yi ja.

Ya ce, "Shekara guda ina kiran ka salla! Kullum ka ce mini in sha Allahu!"

Zakariya ya ce, "Dakta, na ɗauka kana gayyata ta ne zuwa addininka. Na ji nauyin in ce maka a'a a fuskarka."

Dakta ya ce shi kuma ya ɗauka malalacin Musulmi ne ya samu, har mahaifiyarsa ya sa tana yi masa addu'a. Da Turai ta fassara wannan, muryarta ta karye. Ban san ko dariya ce ko kuka ba.

A nan Zakariya yana da laifi, kuma ya amsa shi da bakinsa ba tare da an tambaye shi ba. Kunyar nan tamu da ke hana mu cewa a'a, mu fake da in sha Allahu, ga inda ta kai mu. Na'omi, in abu a'a ne ki ce a'a, da ladabi, amma ki ce.

Dakta ya tambayi me ya sa muka zo mu duka. Malam ya ce, "Tare muke." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Ina ganin ya fahimci abin da bai tambaya ba, wato wanda ya aiko mu. Ya jefa iƙamar cikin aljihun tebur ya ce, "Halas, shi ke nan. Ku koma aiki."

Litinin, 9 ga Disamba, da rana

Dakta ba ya amsa gaisuwar kowa.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Zakariya ba ya iya taka titi ba takarda. Motar asibiti ke ɗaukarsa ta dawo da shi. Malam ne ke zuwa kasuwa yanzu, kuma bai san albasa mai kyau ba.

Turai ta shigo da ƙullin kuka da daddawa, wasu danginsu alhazai suka kawo daga Katsina. Ta ce yayanta Othman ya ce ta rage shigowa gidanmu har abin ya lafa. Na ce yana da gaskiya, ta bi maganar yayanta. Ta ce, "Na rage ai. Jiya ban zo ba." Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In an tambaye ni, ku mutanen kirki ne, kuna aikinku. Ranar Juma'a kuma kunnena ba ya aiki, tun ina yarinya haka yake."

Ashe bangon nan ba shi da kauri kamar yadda muka zata.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Mutum biyu na hukuma sun zo asibiti da safe. Sun tafi da Zakariya. Ya miƙa wa Tabita makullin ɗakin magani, ya ce maganin tarin yara yana layin ƙasa.

Har yau ban nemi gafararsa ba.

Juma'a, 13 ga Disamba, da yamma

Mu uku. Malam ya karanta, ya yi addu'a, ba mu iya waƙa ba.

Tabita ta tambaya ko a fitar da Littafi Mai Tsarki daga gidan. Malam ya ce inda yake jiya nan zai zauna yau, ba mu ƙara ɓoyo ba, ba mu rage ba. Ya ce in an zo a same mu yadda muke. Tun ranar Alhamis ruwa kawai yake sha. Bai faɗa wa kowa ba, ni ce nake kwashe kwano.

Asabar, 14 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Tabita ta riƙe ɗakin magani da ɗakin mata duka biyu, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na duba bayanta sau biyu, sannan na daina.

Turai ta ce Dakta ya je inda aka tsare Zakariya jiya, ya koma yau. Ta ce ya gaya musu kuskuren daga takardun asibitinsa ya fito, shi ya sa hannu bai karanta ba, in akwai mai laifi shi ne. Mutumin da ba ya amsa gaisuwarmu.

Idan Zakariya bai dawo ba, maganar ranar Talata ita ce ta ƙarshe da ya ji daga bakina. Na yi ta juya wannan ina wanke jaririn wata. Uwar ta ce, "Sista, ruwan ya shiga idonki?" Na ce e.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ya dawo. Dakta da kansa ya sauke shi a ƙofa, bai shigo ba.

Ya rame kaɗan, rigarsa ta yi datti, ba rauni. Tabita ta fashe da kuka. Ya ce, "Ƙanwata, in tuwonki ne yau, a mai da ni inda na fito." Malam ya rungume shi, abin da ban taɓa gani ba, sannan ya zauna ya cinye malmala uku.

Mun tambayi abin da aka yi. Ya ce an yi masa tambayoyi, abin da yake nasa ya amsa, abin da ba nasa ba ya ce shi mai haɗa magani ne. Bai ƙara ba, mu ma ba mu matsa ba.

An gyara kalmar. Ya nuna mana wurin, an soke an rubuta wata a sama, an buga hatimi. Amma an buga wani hatimin a shafin baya. Zai bar ƙasar da zarar jirage sun fara kwashe alhazai, kuma ba zai dawo ba. Mu uku ba a ce mana komai ba.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Kwana huɗu ke nan yana ɗaure magungunan tantin Mina. An ce ya huta, ya ƙi. A kowane ƙunshi ya zana rana ko wata da ɗigo, don tsohon da ba ya karatu ya san lokacin sha da yawansa. Ƙunshi ɗari huɗu, na ƙirga da idona ina wucewa.

Yau na tarar da Dakta zaune a kan kwali a ɗakin magani da takarda a hannu, Zakariya yana koya masa Hausa. "Ina ke ciwo?" "Sha ruwa, Baba." "Kada ka tsaya a rana." Dakta ya ce, "Sha ruwa, Baba, kada ka tsaya a raina." Zakariya ya ce, "A'a Dakta, wannan tsohuwa za ka faɗa wa, kuma sai in mijinta ba ya kusa." Turai ta fassara. Dakta ya yi dariya har takardar ta faɗi, sannan ya ce da an bar shi da ya riƙe shi shekara goma.

An kori mutum, ya zauna yana shirya wa waɗanda za su je inda aka hana shi. Na yi shekara ina kiran sa mara nauyi.

Laraba, 25 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Jiya Babbar Salla, yau Kirsimeti. Gari ya yi shiru, rabin unguwa suna Mina. Gidan su Turai sun aiko da cinyar rago, Othman ne ma ya kawo da kansa.

Zakariya yana gashi a tsakar gida, na sauka na tsaya a kansa. Na ce, "Abin da na faɗa ranar Talata ba daidai ba ne. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka gafarta mini."

Ya ce, "Wace Talatar, Mama? Kowace Talata kina faɗa."

Na ce kada ya yi mini wasa da wannan.

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Ta yi mini zafi. Daga bakin wani da ban damu ba." Ya juya naman. "Na yafe tun a ɗakin can. Ba ni da aikin yi sai yafe wa mutane, kuma ke ce farkon layi."

Na ce gishirin ya yi yawa. Ya ce, "Yauwa, Mama ta warke."

Asabar, 4 ga Janairu 1975, ƙarfe biyu na rana

Dakta ya kai mu filin jirgi a motarsa. Ya dawo daga Mina baƙi ƙirin, murya a dishe. Ya ce magungunan sun ƙare tas, kuma wani tsoho ya tambaye shi ko shi mutumin Sakkwato ne.

Filin cike yake da alhazan Kano, tabarmi da butoci da akwatunan ƙarfe ko'ina. Malam ya yi mana addu'a a tsaye, ido buɗe, kamar muna hira. Na ba Zakariya wasiƙarki da ta matarsa Rahila. Na ce ya gaya wa ikkilisiya gaskiyar abin da ya faru, kada ya ƙara gishiri. Ya ce zai gaya musu ni ce na fi kowa kuka. Ƙarya ce. Tabita ta fi ni.

Yana shiga layi wata tsohuwa ta ja rigarsa ta ce, "Alhaji, taimake ni da jarkar nan."

Ya ce, "Iya, ba Alhaji ba ne, ban je ba. Zakariya sunana. Kawo."

Ta ce, "Ba ka je ba? To me ka zo yi?"

Ya ce, "Haɗa magani."

Ta ce, "Ayya. Allah ya sa da rabonka."

Malam ya ce a hankali, "Mutum ɗari biyu ne a jirgin nan, kuma kowa Alhaji zai ce masa."

Har ya kai ƙofa muna hango shi, jarkar tsohuwar a kafaɗa, ya sunkuya wajen wani dattijo yana girgiza kai, yana sake bayani daga farko.